Waƙar da Ba Ta da Mai Ita

Faifan garmaho ɗaya tak na taɓa mallaka a rayuwata, shi ma ba ni na saye shi ba. Wani tsohon Bature ne ya ba ni shi, haɗe da na'urar juya shi, a shekarata ta biyu a Lyon, farkon shekarun dubu biyu. A lokacin ina zaune a unguwar Minguettes, hawa na tara, a wani dogon bene da lif ɗinsa ke aiki in ya ga dama. Karatun digirin dokta nake yi a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da safe in bi bas, in bi metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in wuni ina kallon alƙaluma a kwamfuta, da yamma in dawo in dafa taliya. Tun wancan zamani wata gajiya ta shiga ƙashina, har yau da nake wannan rubutu ba ta fita ba.

Tsohon nan maƙwabcina ne, ƙofofinmu na kallon juna. Ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar sinadarai, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka yanke shawarar kai shi gidan tsofaffi. Ranar tashinsa lif ya ƙi aiki, sai ni na riƙa sauko masa da kwalaye. Da muka gama ya koma ɗakin da ya zama fayau, ya fito da faifan. Ya ce mini da Faransanci, "Wannan a zaune ake jin sa. Kada ka kunna shi kana wanke-wanke." Don kunya na karɓa. A raina cewa na yi, ga wani tarkacen kuma da zan rasa inda zan ajiye. Sai da ya yi wata biyu jingine a bayan ƙofa kafin wata Lahadi da ruwa ya hana ni fita, na rasa abin yi, na ɗora masa allura.

Wasu samarin Ingila ne su biyar suka yi shi, tun kafin a haife ni. Hotonsu na ciki, gashi har kafaɗa kamar babu wanzami a garinsu. A bangon gaba kuwa zanen wata ƙofar gona ce da tumaki uku cikin ruwan sama. Fuskar farko gaba ɗayanta waƙa ɗaya ce, minti ashirin da 'yan kai. Jitar katako ce ke buɗewa ita kaɗai, da wani ɗan sauti gajere wanda ko yaron goye zai riƙe a ka. Sai sarewa ta karɓa, sai goge irin nasu. Kana cikin sakin jiki sai ganguna su faɗo, da jitar lantarki, da wannan babban abin kiɗa mai iska da ake sawa a coci. Takun ya sauya. Ka ƙirga huɗu ka ji saura ɗaya, ka koma ƙirga biyar ka tarar sun tafi bakwai. Karon farko haushi ne ya kama ni, na ce waɗannan ko riƙe kiɗa ba su iya ba. Sai can, bayan sun yi nisan da na manta daga inda muka taso, komai ya yi tsit, jitar katakon nan ta dawo da ɗan sautinta, ba ƙari ba ragi. Na mayar da allurar farko na sake ji. Ashe bai taɓa tafiya ba. Yana nan a ƙarƙashin gangunan, wani lokaci a juye, wani lokaci a hankali ƙwarai, duk hayaniyar a kansa aka gina ta.

An sha tambayata abin da na gani a faifan nan. Abokaina 'yan Nijar in sun zo shan shayi sukan ce, "Don Allah kashe muna kiɗan mahaukatan nan." Amsata ba ta taɓa canzawa ba. Faifan yana da haƙuri, ba ya gaggawar ka so shi. Mutanen sun iya kiɗa iyakar iyawa, amma sun san lokacin da ya kamata su ɗauke hannu su bar tsohon sauti ya yi maganarsa. Yara ne 'yan birni masu ilimi, suna da kayan lantarki da kowa ke sha'awa a zamaninsu, suka koma suka ɗauko kiɗan kakanninsu na ƙauye, kuma ba ka jin raini a yadda suka riƙe shi. Ba su yi masa ado don su ɓoye shi ba. Ba zan ce ba shi da aibu ba. A tsakiyar doguwar waƙar, mai abin kiɗan cocin nan yakan yi ta zuba kamar limamin da ya manta mutane na cikin rana. Kalmomin kuma, da na samu aka fassara mini, sarakuna ne da dodanni da wata budurwa a bakin rijiya, ba wani abin da za ka kai gida. Duk na yafe musu.

Sai dai akwai dalilin da ban gaya wa masu shan shayin ba. Mahaifina makaɗin gurmi ne. A ƙauyenmu, arewa da Maraɗi, shi ke yi wa 'yan kokawa kiɗa bayan girbi, shi ake kira biki da suna, ran kasuwa kuma ya zaga rumfuna yana wasa mutane su ba shi abin da ya sawwaƙa. A taƙaice maroƙi ne. Gurmin nasa ƙoƙon duma ne da fatar guza da tsirkiya biyu, amma da shi aka ciyar da mu a shekarun da gero bai yi ba. Da na ci jarrabawa na tafi kwaleji a Maraɗi, a makon farko wani ɗan ajinmu ya gane ni. Ya ɗaga hannu sama yana kwaikwayon kirari, ya ce in wasa shi ya ba ni dala. Aji ya kwashe da dariya. Tun daga ranar, duk takardar da aka tambayi sana'ar uba, manomi nake rubutawa. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, don yana da gona kamar kowa, damina a cikinta yake wuni. Da wannan na riƙa lallashin kaina, daga Maraɗi har Yamai har Lyon.

Fuska ta biyu ta faifan gajerun waƙoƙi ne guda biyar. A bayan kwalin, gaban kowace waƙa an rubuta sunan wanda ya tsara ta, amma uku daga ciki babu suna, sai 'yar kalma mai harufa huɗu da ɗigo: trad. Ni ɗan lakwal ne, wato bokon Nijar, da Faransanci aka rene ni. A duk littafin da na taɓa buɗewa, in ka ga wannan kalma to fassara ake nufi, daga wani harshe aka juyo abin. Ban ko yi shakka ba. Kuma waƙoƙin nan uku su suka fi daɗi. Ɗaya daga cikinsu tana da wata 'yar faɗuwa a ƙarshen layi, sak yadda mahaifina yake sauke kiɗa in an ka da ɗan kokawa, don ya sanyaya wa wanda aka kayar zuciya. Sai na gina wa kaina labari. Na ce daga wajenmu aka kwaso su. Wataƙila wani sojan mulkin mallaka ya ji su a Katsina ko Sakkwato ya tafi da su gida, jikokinsa suka fassara. Shekara uku ina riƙe da wannan shirme, ina jin daɗinsa ni kaɗai, mutumin da ake biya ya tantance hujja a ɗakin bincike.

Matar da na aura ita ta warware mini. Mun haɗu a wata walimar Sallah ta 'yan Nijar a Stains, gefen Paris. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Alhaji, babban ma'aikaci ne a wata hukumar ƙasa da ƙasa a Paris, ita kuma ta tashi a ƙasashe uku, har da makarantar Ingilishi ta yi. Na fara bin jirgin ƙasa duk bayan mako biyu, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Ranar da aka gabatar da ni, bayan doguwar gaisuwa, Alhaji ya gyara zama ya ce, "Malam, mahaifin naka mi yake yi?"

"Manomi ne, Alhaji."

"Madalla. Na duƙe tsohon ciniki. Mu ma duk daga nan munka hito."

Amsar tawa ta fita daga bakina ba tare da ko tuntuɓe ba, don ta saba hanya.

Wata Asabar na ɗauki kwalin faifan na sa a jaka, na tafi da shi Paris don in burge ta. Muna zaune a falonsu, mahaifiyarta na kicin, na shimfiɗa mata bayanina kaf, har da sojan mulkin mallaka. Ta karɓi kwalin ta duba, ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki.

"Mais non, Malam! Wannan ai Ingilishi ne, ba traduction, wato fassara, ake nuhi ba. Traditionnel. Wato ba a san mai ita ba. Irin waƙoƙin maroƙan ƙauyensu ne, sun mutu an manta da su, waɗannan suka tsinta suka gyara. Kai da kake doctorat!"

Na taya ta dariyar, don ba yadda zan yi. Amma ba kunyar kuskuren ce ta dame ni ba. Kalmar maroƙa ce, yadda ta fito daga bakinta a sake, ba ƙyama ba yabo, kamar ta ce tattasai. Ƙofa ce ta buɗe mini ba ta sani ba. Da na ce mata a lokacin, ai ni ma ɗan irinsu ne, da an gama. Na buɗe baki, sai na ji motsin Alhaji yana saukowa daga sama. Na mayar da kwalin jaka. A jirgin dawowa na zauna ina kallon gonakin Faransa suna wucewa, ina tunanin mutanen da aka ci moriyar waƙarsu aka share sunansu, kuma na san sarai wane ne ya yi wa nasa uban haka.

Ba a jima ba Alhaji ya ce zai sa wani ɗan'uwansa da ke Maraɗi ya leƙa ƙauyenmu, "a gaisa da manya." Duk Bahaushe ya san ma'anar wannan gaisuwa. Binciken asali ne, a ji ko ɗan wane ne, ko akwai wani abu a dangi. A lokacin salula ba ta kai ƙauyenmu ba, sai dai a bar saƙo wajen wani mai shago a kasuwar da ke kusa. Ban bar saƙon komai ba. Me zan ce? Baba, ɓoye kanka? Mako uku ina jiran asirina ya tonu. Sai ga labari ya dawo cewa mutanen kirki ne, manoma, an karɓi baƙo hannu bibbiyu har da kaza. Na yi alwala na yi nafila, na ce Allah ya rufa mini asiri. Ban tambayi ta yaya ba.

A Yamai aka ɗaura aure. Mahaifina ya zo cikin farar riga da na aika masa, ya zauna a sahun gaba. Maroƙan birni suna ta zuba kirari da lasifika, shi kuwa hannayensa biyu na cikin riga tun daga farko har aka shafa fatiha. Na gani. Na ɗauka baƙunta ce.

Daga nan rayuwa ta ɗauke ni. Na gama karatu, na samu aiki a wani ofishin injiniyoyi a Paris, muka kama gida a Montreuil. Layi na tara na metro ya cinye mini shekaru, safe da yamma, a tsaye, fuskata a kafaɗar wani. Aka haifa mana 'ya'ya mata biyu. Sabunta takardar zama, taron makarantar yara, rahoton da ake so jiya, ba ranar da na kwanta ban bar wani abu a bayana ba. Lahadi bayan azahar kawai nake da ita, in zauna kamar yadda tsohon nan ya umarta, in ɗora allura. Sau uku muka je gida a cikin shekarun nan. Mukan sauka Maraɗi wajen danginta, mu shiga ƙauye da hantsi mu fito kafin la'asar. Na lura gurmin ba ya jikin bangon zaure inda na san shi. Gaskiyar magana, sanyi na ji a raina, na ce wataƙila ya ɗauke shi ne saboda baƙi. A nan ma ban tambaya ba.

Faifan ya tsufa a hannuna. Allura ta fara tsalle a daidai inda sarewa ke shigowa, har yarana suka haddace tsallen suna rera shi a matsayin waƙa. Sai wata rana, shekara goma sha ɗaya da aurenmu, na ga an sake fitar da shi a faifan CD, na saya. A ciki akwai ɗan littafi. Samarin nan biyar sun zama tsofaffi, biyu ma sun rasu, gashin ya zube. Waɗanda suka rage sun rubuta cewa abu ɗaya ya daɗe yana damun su, shi ne kalmar nan mai harufa huɗu. Sun bi diddigi, sun shiga ɗakunan adana tsofaffin takardu, sun gano bakin wanda aka fara jin waƙoƙi biyu daga cikin ukun. Ɗaya makiyayin tumaki ne, ɗaya wata tsohuwa mai wankau. Suka buga sunayensu da manyan baƙaƙe, har da hoton makiyayin, ya ƙura wa kyamara ido kamar an kama shi da laifi. Ta ukun, wadda nake so, sun ce sun nema sun rasa, suna ba da haƙuri.

In aka ce in faɗi abu ɗaya da ya fifita faifan nan a wurina, wannan ne, ko da yake ba a cikin kiɗan yake ba. Sun makara, amma sun koma. Na karanta shafin sau biyu a teburin kicin, na ji na gaji da kaina, gajiyar da ta fi ta metro. Matata na yanka albasa. Na ce mata ta ajiye wuƙar, na gaya mata komai, tun daga ajin kwaleji.

Ta ajiye wuƙar, ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Da Baba ya sani da bai ba ka ni ba, wannan gaskiya ne, Allah ya jiƙan shi. Amma ni ba ka taɓa tambayata ba. Shekara sha ɗaya ina durƙusa wa mutum ban san ko wane ne ba." Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta ce ta yafe ba. Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka kira shi. Yaran nan su ji kakansu."

Lahadin da ta biyo na shirya kamar mai shirin jarrabawa. A lokacin salula ta shiga ƙauye, har mahaifina yana da tasa. Na aro wayar matata don in ɗauki sauti, na jingina ta da kwalbar ruwa, na sa tawa a lasifika. Yaran suka zauna a ƙasa. Na riga na tsara komai a kaina: zan ɗauki waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya, in rubuta sunansa cikakke a kan kowace, da sunan ubansa da ya koya masa.

"Baba, ina wuni? Ina gajiya?"

"Lahiya lau. Ya iyalin? Ya sanyi?"

"Alhamdu lillahi. Baba, wata alfarma nake nema. Jikokinka na nan zaune. Ina so ka ɗauko gurmi ka kaɗa musu, ko na 'yan kokawa ne, wanda kake yi in an ka da mutum."

Na duba wayar in ga ko layin ya yanke. Ina jin kukan akuya a bayansa.

"Wane gurmi kuma?"

"Naka, Baba."

"Ai babu shi. Ya daɗe."

"Ya lalace ne? Sai in aiko a haɗa maka wani."

"A'a, kak ka wahal da kanka. Yatsun ma sun ƙage." Ya yi ɗan tari. "Ka tuna baƙon da surukinka ya aiko, shekarun baya? To, a tasha ya sauka, ya tambayi gidan manomi wane, uban wanda ke karatu Faransa. Mai shayi ya riƙe shi da hira, ya aiko mani a guje. Nan niƙ gane abin da kac ce musu. Sai na ɗauke gurmin na jefa cikin rumbu, gari kuma kowa ya kama bakinshi. Baƙo ya ci kaza ya tahi."

Matata ta miƙa hannu a hankali ta kashe ɗaukar sautin.

"To bayan ya tafi, Baba? Me ya hana ka fiddo shi?"

"Yo ai surukuta ba ta kwana ɗaya ba ce. Yau baƙo ya tahi, gobe wani na iya ganina bakin kasuwa ina roƙo, labari ya kai musu. Sai a ce ɗana maƙaryaci ne. Na bar shi nan cikin rumbu, gara ta yi aikinta."

"Baba, ka yafe mini. Wallahi kunya ce ta yarinta, ban taɓa nufin..."

"Ba ka yi mani komi ba," ya katse ni, muryarsa ba fushi ko kaɗan, wanda ya fi mini ciwo. "Kai ka san inda kake zaune, ni ban sani ba. Ka ce musu manomi ne ubanka. To, manomin ne. Ba ni yaran mu gaisa, in gaya musu yadda gero ya yi bana."